Alƙiblar Gidan Takama

Gidan Takama, Tajaye
9 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Latifa, a Birnin Ƙonni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Sadiƙu. Na ji jiki ya yi nauyi, Allah ya raba lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Matata Zuwaira tana gaishe ki. Kawu Hashimu ma ƙafar ta yi sauƙi, yana fita salla da sandarsa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, tunda rabonmu da juna tun bikinki. Rezon waya a nan ba ya kamawa sai an hau tudu, kuma maganar da nake so daga gare ki ina son ta a rubuce, don in karanta wa mutane. Mamadu direba, mai kawo mana siminti daga Malbaza, shi zai kawo miki wannan, shi kuma zai karɓo amsa.

Kin tuna masallacinmu na laka, wanda Kawu Hashimu ya gina da hannunsa yana saurayi? Ruwan bara ya kayar da bangonsa na arewa. 'Yan garinmu da ke aiki a masana'antar Malbaza sun haɗa siminti da rodi, aka ce ni, da yake gini ne sana'ata, in tayar da sabo a filin da ke gefensa kafin damina.

Ranar da zan ja igiya sai na ce bari in gwada da waya. Akwai manhajar nan mai nuna alƙibla. Na tsaya a mihirabin tsohon masallaci na buɗe ta. Latifa, kibiyar ba ta kalli inda muke kallo ba. Ta karkata hagu sosai, wajen rijiyar makiyaya. Na rufe na sake buɗewa, haka. Ban gaya wa kowa ba sai liman, Malam Almoustapha, shi kuma ya ce in tambayi wanda ya san waya. Ke ce kike gwada su kullum a shagonku na gyaran waya. Waya tana ƙarya a irin wannan? In ba ta yi, to shekara da shekaru ina muke kallo?

Naki, Nafi'u

*

Birnin Ƙonni
14 ga Afrilu

Yaya Nafi'u,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na yi murna da jin lafiyarku. Ni ma da sauƙi, sai dai ƙafafu sun kumbura, a kan tabarma nake aiki yanzu, Sadiƙu yana miƙo mini wayoyin. Ka gaishe mini da Zuwaira da Kawu. Wato sai da waya ta rikita ka ka tuna kana da 'yar uwa a Ƙonni. Da kakanninmu suna raye da sun ji wannan ƙara.

Waya ba ta ƙarya da gangan, amma tana ruɗewa. A cikinta akwai wasu 'yan ƙananan na'urori da ba su kai ƙwayar gero ba. Ɗaya tana jin karkata da jijjiga, ita ce ke juya hoto idan ka kwantar da wayar. Ɗaya tana jin juyi. Ɗaya kuma tana jin inda arewa take, kamar kamfas. Manhajarka da su take aiki, abin da suka gaya mata shi take gaya maka. Duk wayar da muka buɗe a shago sai na gwada su kafin in ba mai ita, kuma ta arewar nan ita ce mai saurin shiririta.

Daga abin da ka bayyana, alƙiblarka ta karkace. Sai an gyara ta kafin a zuba harsashi. Ga yadda za ka yi da wayar. Ka fita fili, nesa da tarin rodi, nesa da mota da lasifikar masallaci da batirin sola, don duk suna jan ta. Ka riƙe ta ka yi ta zana lamba takwas a iska, kana murɗa wuyan hannu, har ta ce ta gamsu. Sannan ka kwantar da ita a kan abu shimfiɗaɗɗe, ka duba kibiyar. Abin da ta nuna bayan haka ka rubuto mini. Ka kuma gaya mini ko wayar ta taɓa faɗuwa ko shiga ruwa.

Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa na yi shi, Mamadu yana ta danna oda a waje.

Ƙanwarka, Latifa

*

Gidan Takama
24 ga Afrilu

Ƙanwata Latifa,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa kumburin ya sauka. Mu lafiya.

Na gode da amsarki, duk da ta yi mini nauyi. Na yi duk abin da kika ce. Na tafi har bayan gari, gonar da babu ko ƙusa, na yi ta zana takwas har matan da ke dawowa daga itace suka tsaya kallona. Na kwantar da ita a kan allo. Kibiyar ta ɗan motsa, amma har yanzu hagu take, nesa da mihirabinmu. Wayar ba ta taɓa faɗuwa ba, ba ta taɓa ruwa ba. Tun da na saye ta a cikin rigarta take, irin mai marfin nan da ke manne kansa idan an rufe. Ba na fitar da ita ko da wasa.

Ranar Juma'a bayan salla liman ya tara manya, na karanta musu inda kika ce, "alƙiblarku ta karkace, sai an gyara ta kafin a zuba harsashi." Samari suka ce ai dama, a bi waya. Malam Almoustapha ya ce sallolin da aka yi a baya suna nan, Allah ba ya kama mutum da abin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma sabon gini a kafa shi daidai.

Kawu Hashimu ya bari sai da kowa ya gama. Sannan ya ce, "Da munka kafa wanga masallaci, da rana munka duba, da malamai ukku. Yanzu ɗiyar Ƙonni ta ce ba daidai ba. To, Kaltume hwa? Da wanga mihirabi anka daidaita kushewatta." Kin san matarsa Inna Kaltume bara ta rasu, shi ya shiga kabarin ya kwantar da ita. Liman ya ce masa babu abin da zai taɓa matattu. Ya tashi ya tafi, bai jira addu'a ba.

Na ja igiya a kan layin waya, an fara haƙa. Hadari ya soma haɗuwa ta gabas, ba mu da lokaci. Farkon Mayu zan zuba kankare. In akwai abin da na kuskure, ki ba Mamadu amsa kafin nan.

Nafi'u

*

Gidan Takama
11 ga Mayu

Latifa,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mamadu ya ce ya bar takardata a shago, bai gan ki ba, bai ga Sadiƙu ba, wani maƙwabci ya karɓa. Na hau tudu na kira ki ba sau ɗaya ba, wayarki a kashe. Zuwaira ta ce ƙila haihuwa ce. In ita ce, Allah ya sa an sauka lafiya. In kuma wani abu na faɗa da bai yi miki daɗi ba, ki yafe.

Da na ji shiru na ɗauka babu gyara. Na zuba harsashin, ya kama, mun ɗora bulo har gwiwa a ɓangaren mihirabi. Aikin ya yi kyau, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Amma gari ya rabu. Yanzu a cikin tsohon masallaci sahu biyu ake yi: samari suna karkata hagu, tsofaffi suna miƙewa yadda suka saba, kafaɗa ba ta haɗuwa da kafaɗa. Liman yana tsakiya, ya rasa inda zai sa goshinsa. Shekaranjiya har an ɗaga murya bayan la'asar.

Kawu ya daina zuwa gaba ɗaya. A gida yake salla. Na je gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa, ya ce, "Magini, an gode." Bai taɓa kirana da wannan suna ba. Ni da ya goya a wuya ya kai ni kasuwar Illela. An gaya mini kullum da safe yana zuwa maƙabarta ya zauna. Ya rame, Latifa. 'Ya'yansa sun aiko daga Malbaza suna tambayata me na yi wa ubansu.

Ba na neman ki janye maganarki, in gaskiya ce gaskiya ce. Amma ki rubuto masa ko layi biyu, ki lallashe shi. Yana jin maganarki, yana cewa kin ɗauko kakarki.

Nafi'u

*

Birnin Ƙonni
21 ga Mayu

Yaya Nafi'u,

Wa alaikumus salam. Zuwaira ta yi gaskiya. Na haihu, mace, amma sai da aka yi mini aiki, na daɗe a asibiti, Sadiƙu yana can tare da ni, shago a rufe. Yanzu ni da ita lafiya, alhamdu lillahi, ina takawa a hankali. Jiya maƙwabcinmu ya kawo takardunka biyu tare. Na karanta su, abinci ya gagare ni. Na kira ka ban samu ba, don haka Mamadu zai biyo ta wurinku musamman.

Yaya, ban ce alƙiblarku ba. Alƙiblarka na rubuta, da "a", wato ta cikin wayarka. Na san yadda nake barin bakin "a" a buɗe idan ina sauri, malamanmu na makarantar boko sun sha dukana a kai. Ta yaya zan yanke wa masallacin da ban auna ba hukunci daga kan tabarmata? Wayar nake cewa a gyara. Ya kamata in rubuta shi ɓaro-ɓaro, ban yi ba.

Abu na biyu ya fi wannan. Rigar wayar nan mai manne kanta, mayen ƙarfe ne a cikin marfinta. Ka je bayan gari ka guje wa rodi, alhali abin da ke jan ta yana manne a bayanta. Ko ka kwana kana zana takwas, da zarar marfin ya motsa ta sake ruɗewa. Muna ganin wannan a shago kullum. Ka cire rigar ka ajiye ta nesa.

Ban ce layin Kawu daidai ne ba, ban ce ba daidai ba ne. Ban sani ba. Abin da na sani, layin da ka zuba kankare a kansa ba abin dogara ba ne. Kada ka ƙara bulo ko ɗaya.

Na ba Mamadu wata waya ta shago. Da safen nan na gwada ta da kaina: na kwantar da ita a kan tebur, na tsayar da ita ta kowane gefe, na juya ta, duk na'urorin sun amsa yadda ya kamata. Ka kai su fili, ita da taka, tsirara. Ka zana takwas da kowacce. Ka ajiye su nesa da juna, don su ma suna jan juna, ka ja layi a ƙasa inda kowacce ta nuna. Sannan ka juya kowacce, kai ya koma ƙafa, ka ga ko kibiyar ta koma kan layinta. Wadda ta canza magana ba ta daidaita ba, ka sake.

Ko sun yarda da juna, waya ba ta isa shaida a kan waya ba. Mu ma da wani abin da muka tabbatar muke auna su. Allah ya taimake mu, lokacin ya zo daidai. Ranar 28 ga watan nan, ƙarfe goma da minti goma sha takwas na safe agogonmu, rana tana tsayawa a saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a lokacin, alƙibla ya fuskanta. Ka tambayi Malam Almoustapha, zai san maganar. Ka rataye igiya da dutse a ƙasanta a fili mai laushi, ka bar ta ta daina lilo. Inuwar igiyar a wannan lokaci ita ce layin. A yi shi a gaban kowa.

Ba zan rubuta wa Kawu lallashi ba. Ka kai masa wannan takarda ka karanta masa ita duka, har inda na ce ban sani ba. Ka ce ina roƙonsa ya zo ya ga inuwar da idonsa. Ba don jego ba da na zo da kaina.

Latifa

*

Gidan Takama
1 ga Yuni

Ƙanwata Latifa,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiya. Da na san halin da kike ciki da ban dame ki da zancen bulo ba. Zuwaira ta ba Mamadu gero da man shanu da kaza biyu, ki duba kada ya ce ɗaya ta tsere a hanya. Mu lafiya, an yi ruwan farko daren Alhamis, mutane sun fita shuka.

Na ɗauko takardarki ta farko na sa ta a rana na duba. Har yanzu ni "u" nake gani, Zuwaira kuma ta ce "a" ce ƙarara. Ba komai, ni na karanta, ni na yi gaggawa.

Da na cire rigar, kibiyar ta yi tsalle ta koma dama a gaban idona. Na kusanto da rigar, ta biyo ta kamar akuya ta ga dusa. Daga nan na yi gwajin da kika ce. Wayarki ta tsaya a kan maganarta tun farko, tawa sai da na sake mata takwas. A ƙarshe layukansu suka kwanta kusa da juna, kuma ba kan harsashina ba.

Na je wurin Kawu na karanta masa. Da na zo inda kika ce a yi aikin da rana, ya ɗago kai ya ce, "Ita ta ce da rana?" Na ce ita ta ce. Bai ce zai zo ba.

Ranar Laraba gari ya waye da gajimare. Tun hantsi mutane suka cika filin, har makiyayan rijiya sun bar shanunsu sun zo. Na kafa itace uku na rataye igiya. Liman yana riƙe da agogo, ni ina kallon sama. Saura kaɗan sai ga Kawu da sandarsa, aka buɗa masa ya tsaya a gaba. Gajimaren ya yage, ba duka ba, amma inuwa ta fito. Liman ya ce yanzu, na kafa ƙusa biyu a kanta, muka ja igiya doguwa.

Ga abin da ya fito. Wayoyin biyu sun yi kusa da inuwar ƙwarai. Harsashina ya kauce hagu da nisa, babu mai musu. Mihirabin Kawu kuma ya kauce dama, amma kaɗan, abin da in kana sahu ɗan gyara kafaɗa ne. Liman ya ce irin wannan ba ya ɓata salla, gabas ɗin dai ita ce. Wani saurayi ya fara cewa to ai tsohon ma ba daidai ba ne, liman ya ce masa ya yi shiru.

Kawu ya daɗe yana duban igiyar, ya dubi masallacinsa. Na ɗauka zai ce a koma layinsa, kuma da ya faɗa babu wanda zai hana. Sai ya ce, "Mun kusa, ba mu kai ba. A bi inuwa." Ya karɓi guduma a hannuna ya buga turken farko da kansa.

Washegari muka fara fasa harsashin. Kankaren ya kama da kyau, hannuwana duk sun fashe. Simintin da ya tafi ya tafi, na rubuta wa mutanen Malbaza na gaya musu yadda aka yi ba tare da na ɓoye komai ba, ban sami amsa ba tukuna. Ba za mu yi rufi kafin damina ba. Mun tokare bangon tsohon da itace, mun ja igiya a ƙasa, sahu ya koma ɗaya.

Jiya da safe Kawu ya aiko a kira ni. Ya ce in raka shi maƙabarta, in zo da wayarki, ba tawa ba. Muka tafi a hankali saboda ƙafarsa. Da muka isa kabarin Inna Kaltume ya tsaya ta wajen kai, ya ce in auna. Na matsa gefe na fara zana takwas, yana kallona. Na durƙusa zan kwantar da ita a ƙasa, sai ya sa sandarsa ya tare hannuna.

Ya ce, "Nafi'u, mai da ta aljihu. Na hwasa."

Na mayar. Muka yi mata addu'a. Ruwan Alhamis ya zabtare gefen kabarin kaɗan, ya ce in samo ƙasa. Na kawo a cikin hulata, yana nuna mini da sanda inda zan zuba, ina dannawa da hannu, har ya ce ya isa.

Wayarki tana wurin Mamadu, na naɗe ta a tsumma. Kawu ya ce idan kin yi arba'in ki kawo masa yarinyar ya gani.

Yayanki, Nafi'u